Kokowar Japon: takwas cikin goma sha biyar



Ran wata Lahadi da hantsi wani aminina ɗan kasuwa ya iske ni na duƙufa bisa wayar salula. Ya leƙo, ya ga waɗansu ƙatti biyu masu tumbi, daga su sai ɗamara, suna watsa gishiri cikin fage. Ya kwashe da dariya ya ce: "Malam, duk kokowar ƙasar nan ba ta ishe ka ba sai ka tafi Japon?" Na ce ya jawo kujera. Amsar da na ba shi ita zan ba ku yau, domin ba shi kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba.

Mu dai ba baƙin kokowa ba ne. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, in lokacinta ya zo ƙasa kan tsaya cik har a san gwani. To, sumo, wato kokowar Japon, sau 6 ake babbar gasarta a shekara: Janairu, Mayu da Satumba a Tokiyo, Maris a Osaka, Yuli a Nagoya, Nuwamba a Fukuwoka. Kowace gasa kwana 15 ce, a buɗe ran Lahadi a rufe ran Lahadi. Fagen da'ira ce mai faɗin metir 4 da santimetir 55. Wanda ya fita daga cikinta, ko wani sashen jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kada shi. Ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi, kuma sau da yawa kafin ka kurɓi shayi an gama. Japon ta riga mu da awa 8, don haka manyansu na shiga fage wajen ƙarfe 8 zuwa 10 na safe agogonmu. Ba na ba ma'aikaci shawarar ya bar jama'a tsaye bakin biro. Tashar NHK World tana nuna taƙaitaccen kallon kowace rana, sai ya jira ya tashi aiki.

Amma wanda ya tsaya ga kallon kaye kawai bai ga komi ba. Zuciyar sumo wata takarda ce da ake kira banzuke, wadda ake fitarwa kamar sati biyu kafin kowace gasa. Cikinta an jera sunan kowane ɗan kokowa, daga babba har auta, kowa da matsayinsa, sunayen manya da manyan baƙaƙe, na ƙanana siriri sai an ƙura ido. A rukunai biyu na sama mutum yana karawa sau ɗaya kowace rana. Ya ci 8 ko fiye, a ɗaga shi. Ya tsaya ga 7 ko ƙasa, a sauke shi. Babu daɗewa cikin aiki, babu ɗan gidan wane. Duk wata biyu sai an sake lissafi.

Shi ya sa ran ƙarshe idona ba ga mai ɗaukar kofi kaɗai yake ba. Ina neman mutumin da ya ci 7 aka kada shi 7. Wannan bawan Allah, wahalar wata biyu ta taru cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin ya fi tsanani a kan iyakar rukuni na biyu da na uku. Rukunai 6 ne duka, amma mutum 70 kacal ke da albashi: 42 na rukunin farko da 28 na rukuni na biyu, wanda ake kira juriyo. Bisa tsarin da aka sa a 2019, ɗan juriyo yana karɓar yen miliyan 1 da dubu 100 a wata. Wanda ke ƙasa da shi da taki ɗaya ba shi da albashi sai ɗan alawus. Shi ke shara, shi ke dafa abinci, shi ke ɗaukar kayan manya. Ɗan kasuwar da ya taɓa rufe shago ya koma yaron wani ya san ɗacin wannan taki ɗaya.

Ku dubi labarin Terunofuji, ɗan ƙasar Mongoliya. A 2015 ya kai matsayin ozeki, na biyu a girma. Sai ciwon gwiwoyi da ciwon sukari suka kama shi. Ya yi ta fashin gasa, takarda kuwa ba ta san uzuri ba, ta yi ta sauke shi har a watan Maris na 2019 ya sami kansa a rukuni na biyar, yana karawa da yara sababbin shiga. Ya nemi ya bari, maigidansa ya ƙi. Ya sake hawa daga can. A watan Yuli na 2020 ya komo rukunin farko a matsayi na can ƙarshe, ya ɗauki kofi da ci 13. A 2021 aka naɗa shi yokozuna, sarautar da babu sama da ita, kuma da ya aje ɗamara a Janairun 2025 kofi 10 gare shi. Wanda ya fara kallo a 2021 ya ga wani ƙato ne yana kada mutane. Wanda ya bi takarda shekara shida ya san abin da ya gani.

Kada a ce na yi yabo ban faɗi aibi ba. Tsarin da ba ya jin uzuri yakan tilasta wa mutum shiga fage da rauni, domin ranar da ya yi fashi kamar kaye take gare shi. Dā akwai dokar da ke kare matsayin wanda ya ji ciwo cikin gasa, aka soke ta a ƙarshen 2003. Kuma inda tsoron faɗuwa ya yi yawa, ciniki kan shigo. A 2011 asiri ya tonu cewa waɗansu suna sayar wa juna kaye don su tsira da albashi. Aka soke gasar Maris ta shekarar, aka kuma raba mutum fiye da 20 da sana'ar. Ashe ko a Japon ɗan Adam ɗan Adam ne.

Mutum ɗaya ne takarda ba ta saukewa, shi ne yokozuna. Sai dai wannan ba hutu ba ne. In ƙarfinsa ya ja baya, ana sauraron ya sauka da kansa tun girma na hannunsa. Hakuho, wanda ya ɗauki kofi 45, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa, ya bari a 2021 bayan ya cinye gasar Yuli ba tare da an kada shi ko sau ɗaya ba. A 2025 aka naɗa sababbi biyu, Hoshoryu da Onosato, na 74 da na 75 a tarihin sarautar. Su ma sun san sharaɗin tun ranar naɗi.

Da na kai nan sai aminina ya yi shiru, ya ce: "Mu dai ƴan kasuwa kullum cikin wannan takarda muke. Ku ma'aikata fa, da za a sake muku lissafi duk wata biyu, mutum nawa za su ci takwas?" Ban ba shi amsa ba, na dai zuba masa shayi.

Shawarata ga mai son shiga wannan kallo ita ce kada ya fara da yokozuna. Ya zaɓi mutum ɗaya daga ƙasan rukunin farko, ya rubuta sunansa, ya bi shi kwana 15, ya jira takarda ta gaba. In ya yi haka sau biyu, ba sai an kira shi na uku ba.

Mu kwana nan, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.