RA'AYINMU: Kafin 'Ya'yanmu Su Tafi Garin Ƙanƙara

A 'yan shekarun nan tallace-tallacen neman ma'aikata zuwa ƙasashen waje sun yawaita a wayoyin matasanmu, ta Facebook da TikTok da Telegram, inda ake yi musu alkawarin tikitin jirgi kyauta, da masauki, da karatu, da albashi mai tsoka. Wannan ƙungiya ba ta adawa da tafiya neman halal, domin mu kanmu 'ya'yan tafiya ne. Tun da aka mayar da hedkwatar masarauta zuwa Gombe Doma a 1919, kakanninmu da iyayenmu suka riƙa kwararowa daga Kano da Katsina da Barno da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, saboda cinikin auduga da gyaɗa, kuma zuwan jirgin ƙasa a 1963 ya ƙara buɗe hanya. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya tafi da idonsa a buɗe da wanda aka ja da ƙarya, kuma a kan wannan muke son jan hankalin iyaye da hukumomi.

Misali mafi kusa shi ne na yankin masana'antu na Alabuga, da ke gefen garin Yelabuga a jamhuriyar Tatarstan ta ƙasar Rasha, kimanin kilomita 1,000 gabas da Mosko. A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa an ɗebi 'yan mata wajen 200 daga Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, daga ƙasashe irin su Uganda da Kenya da Ruwanda da Saliyo da Nijeriya, a ƙarƙashin wani shiri mai suna Alabuga Start. An ce musu za su koyi aikin otal da girke-girke, sai suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙi da ake kai hari da su a yaƙin Ukraine. Wasu daga cikinsu sun shaida wa kamfanin cewa sukan yi aikin sa'a 12 a rana, ana sa musu ido dare da rana, sinadaran da suke taɓawa suna cin fatarsu, sannan ana zaftare kuɗin masauki da na jirgi da na koyon harshe daga albashin da aka yi musu alkawari. A watan Afrilu na 2024 an kai harin sama a wurin, ya faɗa kan wani ɗakin kwana, mutane da dama suka jikkata. A watan Agusta na 2025 gwamnatin Afirka ta Kudu ta fito fili ta gargaɗi 'yan matanta game da irin waɗannan tallace-tallace.

Wani zai ce ai Tatarstan yanki ne da Musulmi ke da yawa, akwai masallatai da abincin halal. Haka ne. Sai dai kasancewar masallaci a gari ba ya gyara mummunar yarjejeniyar aiki, kuma ba ya hana bam faɗowa kan masana'antar makamai.

Abin da ba kasafai ake tunani a kansa ba shi ne yadda sanyi da nisa ke tauye haƙƙin ma'aikaci. Mu a nan sanyin hunturu na watan Disamba da Janairu muka sani, wanda rigar sanyi da kaskon wuta ke maganinsa. A can kuwa ƙanƙara kan rufe ƙasa wata huɗu zuwa biyar, sanyi kan wuce maki 20 ƙasa da sifili, kuma a tsakiyar Disamba hasken rana bai fi na sa'a bakwai ba. Baƙon da ya saɓa da maigidansa a Gombe yana iya kwana a rumfar masallaci ko a tasha, washegari 'yan garinsu su haɗa masa kuɗin mota. Wanda ya saɓa da ma'aikatar da ta ba shi masauki a garin ƙanƙara ba shi da wannan dama, domin kwana ɗaya a waje na iya zama ajalinsa. Idan aiki da ɗaki da takardar zama duk a hannun mutum ɗaya suke, ga shi ba ka jin harshen gari, ofishin jakadancin Nijeriya kuma yana can Mosko, to maganar cewa kana da 'yancin ajiye aiki ta zama magana kawai. Bugu da ƙari, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan kare haƙƙin ma'aikata baƙi, wadda Nijeriya ta shiga a 2009, Rasha ba ta cikinta.

Dole mu faɗi gaskiya cewa wannan matsala daga gida ta faro. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cikakken haƙƙin mazauni ga kowa. Amma sashe na 147 ya ambaci ɗan asalin jiha ba tare da ya fayyace ko wane ne shi ba, kuma a kusan kowace jiha takardar asali daga ƙaramar hukuma ita ce mabuɗin aikin gwamnati da tallafin karatu. Yaron da aka haifa a Jekadafari ko Tudun Wada ko Bolari, ubansa ya shekara arba'in yana biyan haraji a nan, ana iya ce masa ya koma garin kakansa ya nemo takarda, can kuma a ce ba a san shi ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin da zai bai wa wanda ya shekara goma a wuri matsayin ɗan asali, amma ya janye shi a watan Yuli bayan suka ta yi yawa. Matashin da aka rufe wa ƙofa a nan, aka rufe masa a garin asali, shi ne na farko da zai saurari mai tallar tikitin kyauta.

Ba mu manta da karamcin Gombawa ba. Wannan gari ya karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Barno da Yobe a shekarun rikicin Boko Haram, kuma zaman lafiyar da muke ciki abin godiya ne. Saboda haka ne ma muke ganin Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ta fi kowa cancantar nuna misali wajen amincewa da haihuwa da daɗewar zama a matsayin hujjar samun tallafin karatu da aiki.

Muna kira ga iyaye da kada su sa hannu ko su sayar da gona da fili don tafiyar ɗa ko 'ya sai sun ga yarjejeniyar aiki a rubuce cikin harshen da suke fahimta, wadda ta bayyana sunan ma'aikata, da irin aikin, da sa'o'insa, da abin da za a cire daga albashi, da wanda zai biya kuɗin dawowa. A tambayi dillalin lasisinsa, domin Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata samun izini daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A bincika sunan garin da yanayinsa da nisansa daga ofishin jakadanci. Fasfo mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kada a miƙa shi ga wani maigida ya ajiye, kuma a bar kwafinsa a gida. Duk wanda aka tsare a wata ƙasa yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kamar yadda yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta tanada. Wanda ya ga alamar yaudara ya garzaya hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, kuma ƙofar sakatariyarmu a buɗe take ga duk mai son a duba masa takarda.

Haka nan muna kira ga malamai da limamai da fastoci da masu unguwanni su ɗauki wannan magana zuwa ga jama'arsu, musamman iyaye mata, tun da 'yan mata aka fi farauta. Wakilanmu a Majalisar Tarayya kuma kada su bari maganar haƙƙin mazauni ta mutu saboda an janye ƙuduri guda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kare mana zuriya, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.