Jan Ido Ba Shaidar Maye Ba Ne

'Yan'uwa mazauna Sabo da sauran zangunanmu, musamman direbobi masu sauko da shanu da albasa da tumatir daga Arewa, wannan magana taku ce. A ganina bai kamata a ce wa mutum mashayi don an ga idonsa ya yi ja, ko ya yi tangaɗi da ya sauko daga mota ba.

A Amurka 'yan sanda suna da gwaji uku na bakin hanya: direba ya bi alƙalami da ido, ya yi taku tara a kan miƙaƙƙen layi ya juyo, sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya har daƙiƙa 30. Binciken da gwamnatinsu ta sa aka yi a 1981 ya nuna gwajin ido yana dacewa da gaskiya kashi 77 cikin 100, na taku kashi 68, na ƙafa ɗaya kashi 65. Ke nan a wannan na ƙarshen, kusan mutum ɗaya cikin uku ana yi masa kuskure. Littafin horar da jami'ansu ma ya yarda cewa dattijon da ya haura 65, da mai ciwon baya ko ƙafa ko kunne, zai iya faɗuwa ba tare da ya sha komai ba.

In masu horo suna kuskure haka, ina ga jami'in da ke hukunci da kallo kawai? Wanda ya kwana biyu a kan sitiyari daga Kano zuwa Mile 12, ba barci sai goro, ai dole ido ya yi ja, ƙafa ta sage. Ga kuma tambayoyi da Turanci ko Yarbanci, in ya yi inda-inda a ce giya ce.

Don haka in jami'an FRSC sun zarge ka, cikin ladabi ka nemi a ba ka na'urar hurawa, da sabon bututu, a kuma nuna maka lambar da ta fito. In ka kurkure baki da magani mai barasa, ka faɗa, a jira minti 15.

Sai dai na'urar barasa kawai take ji. Ba ta gane tramadol ko kodin, kuma mun san waɗannan su ne suka fi ɓata yaranmu a tasha. Yaron da ya haɗiyi ƙwaya zai hura ya wuce lafiya, da tirela cike da kaya. Wannan bincike sai iyayen gida da shugabannin tasha, tun kafin a miƙa masa makulli.