Farar Takarda Ba Dodo Ba Ce



Duk lokacin da muka nemi a kawo gajeren labari ko waƙa don liƙawa a wannan bango, amsar da muka fi ji ita ce: "Wallahi ina so in rubuta, amma na rasa ta inda zan fara." Mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba. Zai yago takarda daga tsakiyar littafi, ya rubuta suna da aji a sama, ya ja layi, daga nan biro ya tsaya cak. Abin mamaki, shi ne kuma wanda in an tashi tara zai zauna a gindin darbejiya yana ba da labari, jama'a na ta tuntsira dariya. Ashe ba labari ne ya ƙare masa ba.

A ganinmu, tsoro iri biyu ne ke riƙe masa hannu, kuma dukkansu suna da magani.

Na farko, yana zaton jimlar da ya fara rubutawa ita ce za ta zauna har abada, don haka dole ta fito tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Mu tuna da makarantar allo, wadda da yawanmu muka bi ta cikinta. Wa ya taɓa jin tsoron allo? A rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. Hannun da ya fara da karkatattun baƙaƙe shi ne daga baya yake rubutun da ake sha'awa. To, mu ɗauki takardar farko tamkar allo. Kowa ya ware tsohon littafi guda na gwaji, wanda ba mai duba shi sai shi kaɗai. A cikinsa a rubuta duk abin da ya zo, ko da shirme ne. Ana iya gyara shirme, amma shafin da babu komai a kansa ba shi gyaruwa.

Na biyu, yana zaton sai ya ƙago abin da kunne bai taɓa ji ba. A nan tarihin adabinmu yana da darasi. A shekarar 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Waɗanda suka shiga ba su da littattafan ƙagaggun labaran Hausa na boko da za su duba su kwaikwaya. Shafinsu ya fi namu fari nesa ba kusa ba. Me suka yi? Kowa ya ɗebo daga abin da ya riga ya sani. Malam Bello Kagara ya gina Ganɗoki a kan labaran yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, ya ɗora Shaihu Umar a kan zamanin bauta da fataucin hamada. Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya haɗa hikayoyin da ya ji da waɗanda ya karanta, ya fito da Ruwan Bagaja. Ga shi fiye da shekara 90 ana karanta su.

Mu ma ba mu rasa abin ɗebowa ba. Akwai kakar da ke ba da labarin shekarar fari, akwai cacar baki tsakanin kwandasta da fasinja a kan canji, akwai ranar da aka kawo amarya ruwan sama ya ɓalle, akwai yaron da aka aika kai niƙa ya dawo ba gari ba kuɗi. Kowanne daga cikinsu ƙofar labari ne.

Ga shawarwari uku ga wanda biro ya tsaya masa. Da farko, faɗi labarin da baki. Samu aboki ko ƙanwa ka ba ta shi kamar yadda ake hira, sannan ka zauna ka rubuta yadda ka faɗa. Mai tatsuniya ba ya rasa mafari, domin da ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" bakinsa ya buɗe, sauran kuma ya biyo. Na biyu, kada ka tsaya neman gabatarwa. Fara daga inda matsala ta kunno: lokacin da yaron ya laluba aljihu ya ji wayam. Sunan garinsu da na mahaifinsa za su samu wuri daga baya, take kuwa a bar shi sai ƙarshe. Na uku, ɗauki minti 10 kana rubutu ba tsayawa, ba gogewa, ba waiwaye. Ka ajiye shi ya kwana, gobe ka karanta da sabon ido ka gyara.

Wani zai ce rubutu baiwa ce, sai ilhama ta sauko. Ba mu musanta baiwa ba, amma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO, in aka ce a rubuta insha'i, mai sa ido ba zai tsayar da agogo don ilhama ta iso ba. Wanda ya saba fara rubutu kullum shi ne zai fara ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma, da ya ga shafi fari, sai ya ari waya ya kwafo labarin wani daga intanet, ya sa sunansa a ƙasa. Wannan ita ce hanya mafi muni, domin kayan aro ba ya rufe katara. Kada a kafa hujja da cewa Abubakar Imam ma ya ɗebo labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa a cikin Magana Jari Ce. Ya ɗebo, amma ya sake musu gari da suna da harshe, ya ɗinka musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Wannan aiki ne, kwafe kuwa sata ce. Shafi ɗaya naka mai kuskure biyar ya fi mana shafi uku na wani.

Malamanmu, muna da roƙo gare ku cikin ladabi. In ɗalibi ya kawo rubutunsa na farko, a fara gaya masa abin da ya yi daɗi a ciki kafin jan biro ya sauka. Gyaran ƙa'idojin rubutu wajibi ne, kuma muna buƙatarsa, amma yaron da aka mayar wa shafi ja wur tun karon farko da wuya ya sake kawo na biyu.

Wannan bango namu ne duka, daga ɗan aji ɗaya har ɗan aji shida. In muka bar shi ya cika da abin da aka kwafo, ba wanda zai rubuta labarin unguwarmu da makarantarmu yadda muka san su. Don haka yau da daddare, bayan an gama aikin gida, kowa ya buɗe littafinsa na gwaji ya rubuta layi biyar. Muna jiran abin da za su zama.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta