Shekara 14 a ganga, wata nawa a ta Karibiyan?

A garin Dufftown da ke arewacin Sukotlan akwai masana'antar Balvenie, wadda William Grant ya kafa a 1892. Cikin kayanta akwai wani wiski mai shekara 14 da aka raɗa wa suna Caribbean Cask. Masu sana'ar ɗanɗano sukan zuba shi a kofi mai tsukakken baki, su daɗe suna shinshina, su ɗiga masa ruwa kaɗan don ƙamshin ya tashi, sannan su kurɓa. Abin da suke cewa sun ji kusan ɗaya ne: zaƙi irin na mazarƙwaila, ƙamshin banila, da ɗan ɗanɗanon 'ya'yan itace. Akasarin masu karanta wannan jarida ba su da haɗi da barasa, addini ya raba su da ita. Amma dabarar cinikin da ke bayan kwalbar ta isa a duba.

Dokar Birtaniya ta 2009 ba ta wasa da sunan wiskin Sukotlan. Irin wannan sai an yi shi da tsiron sha'ir da ruwa a masana'anta guda, ya kwanta aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin Sukotlan, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Shekarun da aka rubuta a kwalba kuwa na mafi ƙarancin shekaru ne a cikin haɗin.

Inda dokar ta yi shiru shi ne zaman ƙarshe. Tun shekarun 1980 David Stewart, tsohon gwanin haɗi na Balvenie wanda ya fara aiki da kamfanin a 1962, ya shahara da juye wiski daga gangarsa ta asali zuwa wata da ta taɓa ɗaukar wata giya daban, don ya ɗebi ƙamshinta. Dabarar tana aiki, domin katako na shan abin da aka zuba masa, ya kuma mayar da shi. Sai dai babu ƙa'idar da ta ce zaman ya kai wata kaza, babu kuma wadda ta tilasta a faɗa wa mai saye. Kamfanin Glenfiddich, maƙwabcin Balvenie kuma mallakin iyali ɗaya, ya bayyana cewa nasa mai shekara 21 yana yin wata 4 a gangar ram, giyar rake ta tsibiran Karibiyan. Wata 4 cikin shekara 21, amma su ne ake tallatawa.

Ita kanta gangar sau da yawa 'yar Amurka ce. Dokar can ta wajabta wa masu yin giyar bourbon sabuwar ganga a kowane zubi, don haka tsofaffin suke kwarara zuwa Sukotlan da tsibiran da araha. Balvenie ma ta ce gangunan oak na Amurka ta cika da haɗin ram nata, daga baya ta juye shi ta zuba wiski.

Sunan Karibiyan ɗin ma yana da nauyin da talla ba ta ɗauka. Ram ya samo asali ne daga gonakin rake na Barbados da maƙwabtanta, inda bayin da aka kwaso daga Afirka suka yi noma, attajiran Glasgow kuma suka ci riba. A 2019 Jami'ar Glasgow ta yi alkawarin tara fam miliyan 20 don aikin haɗin gwiwa da Jami'ar West Indies, bayan binciken da ya nuna ta amfana da kuɗin bauta.

A shekarar ne kuma aka faɗaɗa ƙa'idar ganguna, har na tequila ta Meziko suka samu shiga. Tunda ƙofa ta ƙara buɗewa, ya kamata Ƙungiyar Masu Wiskin Sukotlan ta nemi a wajabta rubuta yawan watannin zaman ƙarshe da asalin gangar a jikin kwalba, kusa da shekarun da aka riga aka tilasta faɗin gaskiyarsu.