Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi

Ƴan uwana ɗalibai, Nijar ba ta da teku, wannan kowa ya karanta tun yana ƙaramar lakkol. Abin da ba a koya muna ba shi ne wa ke biyan kuɗɗin rashin tekun nan da jikinshi. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000. Layin dogo a Paraku ya tsaya, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso kuwa bai taɓa kawo buhu guda daga bakin teku ba. Ke nan shinkafar da muke ci, da sukari, da magani, a bayan tirela suke zuwa. Ni kuwa magana nike son in yi a kan mutumin da ke tsaye tsakanin direba da lodi, wato ɗan kamasho. Ra'ayina a taƙaice: yadda ake wanga aiki yau, zalunci ne da aka yi wa ado da sunan taimako.

Ga yadda abin yake tahiya. Kaya sun sauka a tashar ruwa. A bisa yarjejeniya, kashi 2 cikin 3 na kayan da za su wuce Nijar rabon motocin Nijar ne, kashi 1 na ƙasar da ke da tashar. Akwai hukumar CNUT mai kula da sufurin kayan ƙasa, akwai sandika, akwai layi, kowace mota ta jira zuwan nata. A takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa, mai kaya bai san direba ba, direba bai san mai kaya ba. Wanda ya san su duka biyu shi ne wani mai waya biyu a hannu, ba shi da mota, ba shi da kaya, bai san kuɗɗin taya ba. Shi ka jin farashi daga bakin mai kaya, shi ka faɗa wa mai mota wani farashin daban. Abin da ya saura a tsakani ya tahi aljihunshi, bayan la'adar da zai amsa a fili. Wani lokaci ma su uku ne a jere, kowa ya yanki nashi kafin magana ta iso kunnen direba.

Tunda harshe nike karatu, ku bar ni in tsaya kan kalmomi. "La'ada" daga Larabci ta zo, asalinta "al'ada" ce, abin da aka saba, abin da kowa ya san iyakarshi. To mi ne ne iyakar la'adar ɗan kamasho? Ku tambayi direba goma, za ku ji amsa goma. Sannan ku saurari yadda ake faɗi a tasha: "na ba ka lodi", "na samo maka lodi", "Allah ya taimake ka". Kamar sadaka. Wanda aka "ba" ai godiya ce tashi, ba ya tambayar nawa. Shi kuwa yaron da ke kwana ƙarƙashin mota yana gadin gazuwal, mu da bakinmu muka sa mashi suna "karen mota". Mai yin aiki ya samu sunan dabba, mai buga waya ana ce mashi Alhaji.

Ƙanin babana ya shekara da shekaru a kan hanyar Gaya. Abin da ya fi ci mashi rai, in ji shi, shi ne kalmar "gobe". A ce maka gobe za a yi lodi, ka kwana, ka wuni, ka sake kwana, sati ya zagayo. Abinci daga aljihunka, iyali a gida suna kira. Ba wanda ke biyan kwanakin jira. In lodin ya zo, sai a ce a ƙara tan kaɗan bisa ƙa'ida don tahiyar ta yi riba. Alhali tun 2005 UEMOA ta kafa doka kan nauyin da babbar mota za ta ɗauka. In aka hau sikeli, wa ke tsaye gaban ma'aikaci? In birki ya ƙi kamawa a gangara, wa ke cikin motar? In buhu biyu suka ɓace, albashin wa ake yanka? Ɗan kamasho a lokacin ya kashe waya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, gadar Malanbil da Gaya ta rufe, motoci suka yi dogon layi. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, kaya suka koma bin Lome, su ratso Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, ga ƴan bindiga. Kasada ta ninka a kan direba. Ɗan kamasho kuwa kujera kawai ya sauya.

Na san abin da wasunku za su ce. Za su ce shi ma nema yake, da yawansu matasa ne irinmu da suka gama karatu babu aiki, kuma in babu shi mota sai ta koma fanko. Gaskiya ne, kuma ban ce a kori mai shiga tsakani ba. Kasuwar Hausa ta san dillali tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja. Amma fatoma na wancan lokaci shi ka sauke baƙo a gidanshi, ya ciyar da shi, ya aje mashi kaya, ya tsaya mashi in an ci bashi. Yana cin la'ada, yana kuma ɗaukar nauyi, in ciniki ya ɓaci sunanshi ne ya ɓaci. Na yau ya riƙe la'adar ya yar da nauyin. Talaucinshi ba hujja ba ce ta cin wanda ya fi shi wahala.

Abin da nike kira a yi ba shi da wuya. A rubuta farashin da mai kaya ya biya a kan takardar lodi, direba ya gani da idonshi. A yanke la'ada sananniya, kashi kaza, mutum guda ya amsa. A lika jerin layi a bango, kowa ya san wa ke gabanshi. A biya kwanakin jira. Wanda ya sa aka yi lodi fiye da ƙa'ida, sunanshi ya hau takarda, tara ta hau kanshi. Kuma a rubuta takardun nan da Hausa da Zabarmanci. Tun 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, amma har yau direba yana dangwala hannu a kan Faransancin da bai ji ba. Wanga aiki na fassara mu ɗaliban harshe muna iya yin shi a hutu guda, in sandika ta buɗe muna ƙofa. In ba ta buɗe ba, mu je tasha da kanmu, mu zauna da direbobi, mu karanta masu abin da suke sa wa hannu.