TALLAFIN MANOMA AMANA NE, BA GANIMA BA

Lallai manomin Bena yana cikin jarrabawa. A shekarar 2020 ambaliya ta cinye shinkafar Jihar Kebbi. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, gonaki suka zama kufai. Duk wanda aka raba da gonarsa, ko ruwa ne ya kore shi ko bindiga, yana da haƙƙi a baitulmali.

Masu cewa tallafi kyauta ce daga mai mulki, a karɓa a yi shiru, sun yi kuskure mabayyani. Dukiyar ta al'umma ce, shugaba kuwa mai tsaro ne kurum. A fari na shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar, Allah Ya yarda da shi, ya haramta wa kansa man shanu, ya nemo abinci, ya tsaya da kansa a kan rabo. Ina wannan, ina mai rubuta sunan ɗan jam'iyyarsa da ba shi da ko kunya ɗaya, ya tsallake gwauruwa da marayu? Wannan ha'inci ne, kuma wanda ya karɓa yana sane abokin tarayya ne cikin zunubin.

Saboda haka muna kira ga NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha da su liƙa sunaye da adadin buhuna a bainar jama'a, a karanta a masallatai da majami'u, a raba gwargwadon asara, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Allah Ya sa mu dace.