Saƙo Bai Isa Ba Sai Ya Shiga Hannu

Ranar wata Talata cikin watan Afrilu, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, wayata ta yi ƙara ina wurin aiki. Saƙon tes ne daga kamfanin da yayana ya ba wa aike daga Kaduna, kuma bai wuce layi guda ba: an isar da kayanku, mun gode. Na kira gida, Inna ta ce tun safe ba ta ji sallamar kowa ba. Aka duba zaure, aka duba dakali, aka tambayi maƙwabta dama da hagu, babu wanda ya ga komai. Sai bayan la'asar wani yaro ya ce ya ga mai babur ya miƙa wa mai tiredar bakin layi wani kwali. A can muka same shi, a kan kanta, ƙarƙashin rufin kwano wanda rana ta gasa tun hantsi. Mai tiredar bai san mu da suna ba, bai kuma san abin da ke ciki ba. Shi dai an ce masa ya ajiye, za a zo.

Abin da ke ciki allurar insulin ce ta mahaifiyata mai fama da ciwon sukari. Wannan magani a firji ake adana shi, tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas, Kano kuwa a watan Afrilu takan kai digiri 40 ko a inuwa. Ƙanƙarar da aka haɗa shi da ita ta narke, ruwan ma ya yi ɗumi. Mugun abu game da insulin shi ne zafi yana iya rage masa ƙarfi ba tare da ido ya ga wani canji a kwalba ba, sai mara lafiya ya yi ta allura yana zaton yana magani. Mai kemis ya ce kada mu kuskura, muka zubar, muka sayi wani. Da na sami ɗan aiken a waya, amsar da ya ba ni ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Cewa ya yi: “Yallaɓai, ai na kai unguwar.”

Ya kai unguwar! Shin unguwa aka aika wa magani? A cikin wannan amsa tasa ɓarnar take, domin ta nuna an sauya wa kalmar isarwa ma'ana muna barci. A da, saƙo ya isa idan ya shiga hannun mai shi. Yau kuwa ya isa idan babur ya tsaya a wani wuri kusa da gidan mai shi, aka danna waya, alama ta fito a kwamfutar kamfani. Abin da ya sami kayan bayan haka, ko rana, ko ruwa, ko akuya, ko ɓarawo, ba ya cikin lissafi.

Bahaushe ba baƙon aike ba ne, balle a ce yanzu yake koyon ƙa'idarsa. Yaron da aka aika da kwanon abinci gidan gwaggo ya san bai gama aiki ba sai ya dawo da abu biyu: amsar gaisuwa da tukwici. Wannan tukwici da muke ɗauka kyautatawa ce kawai, shi ne rasit ɗinmu na gargajiya, domin ba a samunsa sai daga hannun wanda aka damƙa wa saƙo. Fataken da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja suna fataucin goro sukan ɗauki saƙon mutane su yi watanni da shi a hanya, kuma wanda aka sani da zubar da aike ba ya sake samun mai ba shi. Ko a yau, je ka kowace tashar mota ka gani. Za a rubuta suna da lambar waya a jikin kwali, direba ko ɗan kamasho ya riƙe, ba zai saki ba sai mai kaya ya zo ya faɗi sunan wanda ya aiko. Tsari ne mai gajiyarwa, ba shi da manhaja, ba shi da riga mai tambari, amma yana da abin da sababbin kamfanoni da yawa suka rasa: mutum guda da za a riƙe idan kaya sun salwanta.

Malamanmu na zaure ma sun daɗe da warware wannan mas'ala. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a babin ajiya na Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda aka ba amana idan ya miƙa ta ga wani mutum daban ba da uzuri ba, ta kuma lalace, to ramuwa ta hau kansa. Ɗan aiken da ya bar maganin Inna wurin mai tireda bai tambayi mai aikowa ba, bai tambayi mai karɓa ba. Amanar da aka ɗora masa ya sauke a kan wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

To daga ina wannan ɗabi'a ta zo mana? Aro muka yi. A Amurka da Ingila an saba ajiye ƙunshi a bakin ƙofa a ɗauki hotonsa, domin gidajensu na da lamba, titunansu na da suna, ƙofa ɗaya ta iyali ɗaya ce. Duk da haka su ma kuka suke yi, wani a jefa masa kaya ta kan shinge, wani a cusa masa cikin kwandon shara, ga ɓarayin da suka mai da ɗaukar kaya a ƙofar gida sana'a. Lokacin kullen annobar korona a 2020, da aka hana cuɗanya, ajiyewa a tafi ta zama abin yabo, kuma da annobar ta wuce ɗabi'ar ta zauna. Mu da muka kwaso ta ba mu tsaya mun dubi gidanmu ba. Zauren Bahaushe ba ƙofar iyali ɗaya ba ce. Wurin hutun almajiri ne, wurin fakewar mai talla, hanyar shiga da fitar gida mai mutum ashirin ko talatin. Ajiye kaya a nan a tafi daidai yake da ba kura ajiyar nama, ba don mutanenmu ɓarayi ne ba, sai don ba a san hannun da zai fara kai wa gare su ba. Na san wadda aka bar wa takardun shaidar karatunta a ƙarƙashin indararo cikin watan Agusta. Na san amaryar da rabin unguwa suka san abin da ta saya kafin ita ta gani, domin a gaban majalisa aka sauke ledar. Asarar sirri ba ta da rasit, shi ya sa ba wanda ke ƙirga ta.

Za a ce da ni, ai gidan Bahaushe ba a shiga, namiji baƙo iyakarsa zaure, me kake so ɗan aike ya yi? Wannan hujja ba ta da ƙafa. Gidan da ya hana baƙo shiga shi ne ya tanadi hanyar karɓarsa: a yi sallama, a jira, a aika yaro ciki, maigida ya fito ko uwargida ta amsa ta bayan labule. Mai gyaran famfo yana bin wannan hanya, mai allurar rigakafi yana bi, har mai karɓar kuɗin wuta. Abin da take buƙata minti biyar ne, kuma minti biyar ɗin nan ne ɗan aiken zamani ba shi da su.

A nan ya kamata in yi wa mai babur adalci, ko da yake ranar da abin ya faru ban yi masa ba. Da yawansu bisa yawan ƙunshin da suka sauke ake biyansu, ba bisa yinin da suka yi ba. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowane zagaye da ya yi yana neman gida, aljihunsa ne ke ƙonewa. Adireshin da ake ba shi kuwa abin tausayi ne: bayan masallacin Juma'a, ka wuce taransifoma, gida na uku mai jar ƙofa. A lungunan Yakasai ko Gwammaja gidaje nawa ne masu jar ƙofa? Nijeriya na da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, amma ka tsayar da mutum goma a titi ka tambaye su ta unguwarsu, ka ga kallon da za su yi maka. Mu ma masu karɓa muna da namu laifin, mu ne za a kira sau huɗu ba mu ɗaga ba saboda baƙuwar lamba ce. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ya bayyana dalilin da ya sa aka kasa samun gida ne, bai halatta a rubuta an isar ba. Wanda bai sami mai kaya ba yana da amsa ta gaskiya a hannunsa: ban same shi ba, na koma da kaya. Kamfanin da ya tsara biyansa ta yadda faɗin wannan gaskiya zai jawo wa yaro asarar kuɗin mai, shi ne ya koya masa ƙarya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma gardin ya iya ɓuya. Ka kira ofis, wata murya mai ladabi ta ce da kai, a kwamfutarmu an nuna an isar. Ka ce ga ni tsaye a gida ban ga komai ba, ta maimaita maka maganar kwamfuta, kamar allon ya fi ka sanin abin da ke hannunka. Wanda ake ƙara shi ne ya rubuta shaida, shi ne kuma alƙali. Ban san wata sana'a da ake yarda da irin wannan ba. Tela ba ya cewa ya ba ka ɗinki don ya rataye shi a bishiyar ƙofar shagonsa.

Ba kuwa doka ce babu ba. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ita ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi. A watan Yulin 2020, da ta fito da sabon kuɗin lasisi, ƙasa ta ɗauki hayaniya har ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin a dakatar. Kowa ya yi magana a kan abin da kamfani zai biya hukuma. Ina ma an yi rabin wannan hayaniya a kan abin da kamfani zai biya talakan da aka lalata wa kaya. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumarta, FCCPC, amma wa zai bar sana'arsa ya bi ƙara a kan kwali guda? Da wannan gajiya tamu ake cin riba.

Maganin kuwa ba ya buƙatar taro. Bankuna sun daɗe suna aiko mana da lambar sirri kafin su saki kuɗi, wasu kamfanonin aike ma suna yin haka: lamba ta zo wayar mai karɓa, ɗan aike ba zai iya rufe aikin ba sai an faɗa masa ita baki da baki. A wajabta wa kowa wannan. Idan mai kaya da kansa ya ce a bar wa wane, a bar masa, nauyi ya koma wuyansa. Idan an koma da kaya don ba a sami kowa ba, kamfani ya biya yaro kuɗin tafiyarsa, ya cire daga wanda ya ƙi ɗaga waya in ya ga dama. Magani da takardu kuwa a yi musu alama, kada su sauka ko'ina sai a tafin hannu.

Mun rubuta wa kamfanin takardar koke, muka haɗa da rasit ɗin sabon maganin da muka saya. Bayan mako biyu amsa ta zo, cewa bincikensu ya nuna an isar da kaya da ƙarfe ɗaya saura minti takwas. Tun daga lokacin yayana ya koma ba direban tasha, ni kuma nakan bar aiki in je in karɓo da kaina.